Ba Zafin Citta Ba Ne

'Yata Hannatu ce ta jawo wannan rubutu, ita kuwa ba ta san ta jawo ba. Da ta zo hutun Kirsimetin bara muna zaune a baranda ina ɓare gyaɗa, sai na tambaye ta me ma take yi a ɗakin gwaje-gwajen jami'ar nan da har ta rame haka. Ta ce wata ƙwayar cuta suke bincike a kai, ko kuma wani furotin da ƙwayar take yi. Na ce ni dai furotin da na sani a wake da ƙwai yake. Ta yi dariya ta ce ai ƙwayar cuta ma tana da nata, su ne kayan aikinta. Ta ce jikin mutum ƙananan ɗakuna ne birjik, idan baƙon abu ya shiga ɗaya, ɗakin yakan miƙo ɗan guntunsa waje don sojojin jiki su gani su kawo ɗauki. To ita wannan ƙwaya tana yin wani furotin da yake toshe hanyar da ake miƙo alamar. Sojoji su zo su wuce suna ganin komai lafiya, ita kuwa tana ciki tana hayayyafa, kamar ɓarawon da ya toshe wa mai gida baki 'yan banga suna wucewa ta ƙofa. Na ce mene ne sunanta. Ta sunkuyar da kai ta ce hapis, irin wadda take fitowa a al'aura. Tiren gyaɗar ya zame daga cinyata. Ta ɗauka tsufa ne, ta durƙusa tana tsince min, ni kuwa ina kallon bayan kanta na kasa ce mata abin da take leƙawa a gilashi yana kwance a jikin uwarta tun kafin a haife ta.

Ayuba, kai ne babba, kuma a kanka abin ya faru. Na san kun sha jin gwaggwanninku a wurin biki da wurin makoki suna cewa uwarku ta gudu asibiti aka tsaga ta don tana da abin ɓoyewa. Kun ji, kun haɗiye, ba wanda ya taɓa tambayata. Na gode muku, amma shirun ya ishe ni. Babanku ya tafi wurin Ubangiji, ni ma gwiwoyina sun fara yi mini sallama, gara ku ji daga bakina.

Ban yi aure da wuri ba. Lokacin da na auri babanku, Malam Bitrus, yana koyarwa a firamare a nan Kafanchan, ni kuma ina sayen ɗanyar citta daga ƙauyuka in tsaga in shanya in sayar wa masu lodi. Ciki biyu suka zube mini kafin naka. Saboda haka da naka ya zauna har ya shiga wata na tara, ko atishawa zan yi sai na riƙe mara. Amma citta ba ta jira, lokacin tsaga ne, tsakar gida duk tampol, ni da wuƙa tun safe har la'asar. Wanda ya taɓa tsaga citta ya san yadda take shiga hannu. Ka wanke da sabulu, ka wanke da toka, in ka taɓa ido sai ka yi kuka. To wata rana na tashi da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ƙasana kuma yana ƙuna kamar an zuba barkono. Nan take na yanke wa kaina hukunci, na ce sakarci ne, na je bayan gida ban wanke hannu da kyau ba. Na shafa man kaɗanya na koma kan cittata. Da ƙuraje suka fito masu ruwa, na ce cittar bana ce mai ƙarfi. Da suka fashe har fitsari ya zama abin da nake yi ina cizon zane, na dafa ruwan gishiri na zauna a ciki. Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa citta ta ƙone ni a can?

Ranar awo ce ta tona. Nas ta duba ni, ta fita ta dawo da likita, wata mace doguwa mai magana a hankali. Tun daga yadda ta ja labule ta jawo kujera ta zauna gabana ya faɗi, domin likita ba ya zama sai da dalili. Na riga ta magana, na ce citta ce. Ta ce ba citta ba ce. Ta faɗi sunan, ta ce ta hanyar kwanciya ake ɗauka, kuma ba ta barin jiki, takan bi jijiya ta je ta kwanta can gindin ƙashin baya, ta farka sa'ad da ta ga dama. Ta ce ga babba abin wahala ne kawai, akwai ƙwayoyin da za su kwantar da ita. Na ce to alhamdu, a ba ni in tafi. Sai ta dafa cikina.

"Ba ke nake ji ba, Saratu, wannan nake ji. In wannan ne karon farko da ta fito miki, jikinki bai gama koyon yaƙi da ita ba, balle ya ba yaro kariya. Idan ya biyo ta hanyar nan da gyambon nan a buɗe, za ta iya shiga idonsa, ta shiga fatarsa, har ƙwaƙwalwa. Wasu ba sa tashi. Dole mu ciro shi ta ciki. In kuma naƙuda ta riga mu, ko faya ta fashe, kada ki tsaya neman ɗankwali, ki zo."

Ban san yadda na iso gida ba. Abu biyu ne suka dame ni, ciwon da kuma al'adar dangin babanku, kuma in ban bayyana muku na biyun ba ba za ku gane komai ba, domin ku a asibiti aka haife ku. A ƙauyen babanku, can bayan Kagoma, ɗan fari a ɗakin kakarsa ake haihuwarsa. Kakarku Mama Kande kuwa ita ce ungozomar ƙauyen gaba ɗaya, rabin mutanen da ke zuwa sujada a can a tafin hannunta suka faɗo. Kuma tsofaffin matan suna da wata al'ada da Fasto ya yi wa'azi a kai har ya gaji: idan naƙuda ta yi tsawo, sai a rufe ƙofa a ce wa mace ta faɗi sunan namijin da ta bi, wai yaro ba zai fito ba sai ta faɗa. Ranar Lahadi su ne a sahun gaba da kayan zumuntar matan coci, amma in an rufe ƙofar haihuwa ba Fasto a ciki. Macen da ta tafi aka yi mata aiki tun ba ta ɗanɗana naƙuda ba kuwa, an gama da ita, ta gudu ne daga tambaya.

Da babanku ya dawo daga makaranta na same shi a gindin mangwaro yana cire takalmi. Kun san bakina, ban iya zagaye ba. Na zube masa komai, na ƙare da cewa ni dai ban san wani namiji ba tun da na shigo gidansa, in shi ya sani ya faɗa. Na shirya faɗa, har na ɗaura ɗamara a zuciyata. Sai mutumin nan ya zauna da takalmi ɗaya a hannu, fuskarsa ta yi toka. Ya ce bai taɓa ganin ko ƙurji ɗaya a jikinsa ba. Na ce likita ta ce mutum yana iya ɗauke da ita shekaru bai sani ba, kuma ta ƙi rantsewa a kan wanda ya kawo, ta ce ni ma tana iya yiwuwa ta daɗe tana barci a jikina. Sai ya ajiye takalmin ya ce:

"Kafin in tuba na yi yawo, Saratu, ban ɓoye miki ba. Ke ma kin yi zaman birni kafin ni. Ban sani ba. Allah ya sani ban sani ba."

Na so in tsane shi a ranar, da ya fi mini sauƙi. Amma tsoron da na gani a idonsa irin nawa ne, ba na wanda aka kama ba. Muka shirya cewa za mu gaya wa Mama yaro ne ya kwanta a gicciye, shi ya sa za a yi aiki. Malamin makaranta da 'yar kasuwa, mu biyu muka haɗa kai muka ƙulla ƙaryar da ko yaron goye ba zai kai wa ungozoma ba.

Ba a jima ba sai ga Mama a bayan babur da ƙullin kayanta, ta zo tafiya da ni ƙauye. Ƙaramar mace ce, ba ta kai kafaɗata ba, amma in ta shigo gida har kaji sukan natsu. Babanku ya karanta mata ƙaryarmu yana in'ina. Ta ce in kwanta a tabarma. Ta shafa hannu da mai ta bi cikina sama da ƙasa, ta danna nan ta danna can, sai ta miƙe tana goge hannu a zane. Ta ce kan yaro yana ƙasa daidai inda Allah ya ce ya kasance, wane likita ne makaho haka? Ta dube ni, ta dubi ɗanta, ta juya zuwa yare, kun kuwa san in Mama ta bar Hausa ta koma yare magana ta ɓaci. Ta ce ita ta san abin da wuƙar asibiti take yi. 'Yarta Lami, ƙanwar babanku da ba ku tarar ba, da ƙafarta ta shiga ɗakin aiki, a cikin zane aka fito da ita ita da jaririn. Ta ce ba za ta ƙara ba wuƙa jikanta ba, in akwai abin da nake tsoron a tambaye ni, in faɗa mata yanzu mu biyu a wuce wurin. Na ce babu. Ta ce to in babu, a tashi a tafi. Na ce ba zan je ba. Ta kwance ƙullinta ta shimfiɗa tabarma a ɗakina, ta ce ita ma ba inda za ta.

Kada ku ɗauka muguwa ce. Ni ina tsoron hanyar da ta sani, ita tana tsoron hanyar da na zaɓa, kuma yaro ɗaya muke yi wa tsoron. Kwanakin nan ban taɓa ganin irinsu ba. Ina shan ƙwayoyina a ɓoye a bayan buhunan citta. Ina tafiya ina cije baki don kada ta ga yadda nake buɗe ƙafa. Duk motsin da ka yi a ciki, Ayuba, sai in ce shi ke nan, ya taho. Ranar da aka sa mana a asibiti tana matsowa, babanku ya ce ranar zai ɗauke ni ko Mama ta yarda ko ba ta yarda ba. Na riƙa roƙon Yesu abu ɗaya, ya riƙe ka a ciki har ranar.

Bai riƙe ka ba. Da hantsi ne, babanku yana makaranta, maƙwabta duk sun tafi kasuwa. Na sunkuya zan ja tampol zuwa rana sai na ji abu ya ɓalle, ruwa mai ɗumi ya bi ƙafafuna. Mama tana bakin murhu, ta gani. Fuskarta ta washe, Allah ya ba ta abin da take so. Ta kama ni ta kai ɗaki, ta sa sakata, ta fara fito da reza da zare da tsummoki daga ƙullinta tana waƙar sujada ƙasa-ƙasa. Na ce Mama a kai ni asibiti. Ta ce in kwanta. Na nufi ƙofa, ciwo ya naɗe ni na durƙusa, ita kuma ta tsaya ta jingina bayanta da ƙofar. Na yi kuka, na roƙe ta da sunan Allah, na ce yaron zai mutu. Ta ce haka kowace mai haihuwar fari take cewa. Ina jin ka kana sauka, kowane ciwo yana tura ka wurin da likita ta ce kada ka bi. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba. Na duba ɗakin, ba waya a zamanin, ba mai jin ihuna, ba abin da ya rage mini sai abu ɗaya. Na san in na yi shi, sunana ya tafi ke nan a gidan nan har abada. Na ja jiki zuwa inda hasken taga yake, na kwanta, na ɗaga zanena.

"Mama, zo ki duba. Ki duba da kyau, ta nan kike so ya biyo."

Ta zo tana shirin yi mini faɗa. Ta sunkuya. Waƙar ta tsaya a bakinta. Ta daɗe a sunkuye, da ta ɗago kuma ba ni take kallo ba.

"Na taɓa ganin wannan," in ji ta. "Wata yarinya a ƙauyenmu. Yaron ya fito lafiya, kyakkyawa. Bai yi sati biyu ba ƙuraje suka fito masa a ka, ya daina kama nono, ya riƙa sanƙarewa. A hannuna ya tafi. Mun ce iska ce."

Ita ta zare sakatar da kanta. Ta fita titi ba ɗankwali, tsohuwa tana gudu, ta tare wata akori-kura da ta zo lodin citta a layinmu, ta tsaya a gabanta har direban ya taka birki yana zagi. A bayan motar aka shimfiɗa ni a kan buhuna. Duk hanya tana riƙe da gwiwoyina a haɗe da dukan ƙarfinta, tana yi maka magana da yare, tana cewa ka jira, kada ka yi gaggawa irin ta babanka. A ƙofar ɗakin aiki, irin ƙofar da ta cinye mata Lami, ta tsaya ta sake ni. An ce da aka fito da kai aka miƙa mata ba ta yi guɗa ba, ta buɗe zanen ta duba ka tun daga ƙafa har ka.

Likita ta ce an yi sa'a amma ba a gama ba, faya ta riga ta fashe, sai an sa maka ido har ka wuce wata guda da 'yan kai. Ƙurji, ko zazzaɓi, ko ƙin nono, ko yawan barci, a kawo ka a guje. Haka muka koma gida da kai kamar mun ɗauko ƙwai a cokali. Mama ta zauna wankan jego. Kowace safiya ta wanke hannu ta sa ni in wanke, ta ɗauke ka zuwa hasken ƙofa, ta buɗe wuyanka, hammatarka, bayan kunne, tsakanin yatsu, ta bi gashin kanka da ɗan yatsa. Ni ina tsaye a kanta ba na numfashi sai ta ce to. Matan zumunta suka zo barka, ta hana kowa sumbatarka, suka tafi suna cewa jikan Kande ya zama ɗan gwamna. Tana yi mini komai, ta gasa mini jiki, ta dama mini kunu. Amma ta daina kirana 'yata, na koma matar Bitrus. Abincin da na dafa kuma ba ta ƙara sa shi a baki ba har ta mutu. Babanku ya je ya durƙusa ya ce mata wataƙila daga wurinsa ne. Ta ce namiji mai kirki haka yake rufa wa matarsa asiri. Abin da ta gani da idonta ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, wannan na shaide ta. Sai dai da 'ya'yanta suka fara cewa na gudu daga tambaya, ba ta ce musu ƙarya ne ba.

Zafi ya shigo sosai lokacin da ka kusa wata guda. Wata safiya tana duba ka sai na ga yatsanta ya tsaya a bayan wuyanka. Na leƙa. Ƙananan ƙuraje ne jajaye, a tare wuri ɗaya. Na zauna a ƙasa daɓas. Na ce shi ke nan, an tsaga ni a banza, na zubar da mutuncina a banza, cutar ta riga ta shiga jikinka. Mama ta miƙe ta ɗauko zane. Ta goya ka, ita da rabonta da goyo tun 'ya'yanta suna yara, ta tare babur ta hau, ni na bi a wani ina riƙe da ɗinkin cikina. A layin asibiti ba ta san wani layi ba, ta ratsa mutane har gaban likita ta kwance ka a kan tebur. Likita ta duba, ta sa tabarau ta sake dubawa, ta auna zafin jikinka, ta tambaya ko kana shan nono. Na ce kamar zai cinye ni. Ta ce waɗannan ba su da ruwa a ciki, ƙurajen zafi ne, mun naɗe ka da zannuwa da hula da safa a wannan rana kamar za mu dafa ka. Ta ce a rage maka kaya, a dawo da kai ta sake gani, amma ita ba ta ga abin tsoro ba.

Muka fito baranda. Mama ta nemi bango ta zame ta zauna a ƙasa da kai a cinyarta, ta cire maka hular da safar, sai kuka ya ƙwace mata, irin kukan da ba sauti sai kafaɗa. Na zauna kusa da ita, ban san ko in taɓa ta ba. Da ta natsu ta share fuska da bakin zane, ta ce yarinyar can ta ƙauye, sai da suka sa ta faɗi suna kafin ta haihu, ta kuwa faɗa, yaron kuma bai fasa mutuwa ba. Daga wannan shekara Mama ba ta ƙara rufe ƙofa a kan wata mace ba, duk wadda haihuwa ta yi wa gardama sai ta sa a nemo mota. Ni dai ba ta wanke ni ba, kuma ba ta taɓa tambayata sunan kowa ba.

Ciwon yana nan, yakan leƙo in na gaji ko na yi zazzaɓi, in sha magani ya koma. Sauranku duk da sanin likita na haife ku, ba abin da ya same ku. Wanda ya kawo shi gidanmu kuwa, babanku ya mutu bai sani ba, ni ma haka zan mutu, kuma mun yi zamanmu lafiya a kan rashin sanin. Abin da gwaggwanninku suke faɗa rabinsa gaskiya ne, ina da abin ɓoyewa. Sai dai ban ɓoye shi ba. Na buɗe shi a gaban mace ɗaya da na fi jin kunya a duniya, na sayi ranka da shi, Ayuba, kuma ko sau ɗaya ban taɓa jin an cuce ni a cinikin ba.